Kafin ku kai zomo wurin likita

Masu kiwon zomo, ku buga waya kafin ku hau mota. Tambaya ɗaya ce: "Likita, kana duba zomo?"

Likitocin dabbobi da yawa sun fi sabawa da shanu da kaji, alhali amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in an ba shi ta baki yana iya kashe zomo. Gara tafiyar awa guda zuwa wanda ya san aikin.

Ku fita da sassafe, ku sa shi a kwando mai shan iska, da gorar ruwan sanyi naɗe da tsumma a gefensa. Zafin mota ya kashe min zomanya mai ciki a hanya, har yau abin yana min ciwo.

Amma in zomo ya kai awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, kada ku jira safiya. Ku garzaya wurin likita mafi kusa, ku tuna masa batun maganin.