Yadda Ake Tattara Tarihin Kaka Tun Tana Iya Ba da Labari

A gidaje da yawa, sai ranar zaman makoki ake tuna cewa tsohuwar da aka kai yanzu ita kaɗai ta san sunan garin da kakan kakanmu ya taso, da dalilin da ya sa ake kiran gidanmu da sunan da ake kiransa. A lokacin kuwa an makara. Idan Allah Ya sa kakarka tana raye kuma hankalinta na nan, ga yadda za ka kwashi abin da ke kanta. Kayan aikin ba su wuce wayar hannu, littafi da biro, sai haƙuri ba.

Na farko: kada ka je mata a matsayin ɗan jarida

Idan ka zauna gabanta ka kafa mata waya a baki ka ce, "Hajiya, ba mu tarihinki," amsar da za ka samu ita ce, "Ni wane tarihi gare ni? Tafi ka ba ni wuri." Tsofaffinmu ba su saba a yi musu tambayoyi a jere ba. Abin da suka saba da shi hira ce, kuma jika yana da mabuɗin da ɗa ba shi da shi: wasan kaka da jika. In kai namiji ne, mijinta ne kai, sai ka shiga da tsokanar cewa ka zo a ba ka tuwon da aka hana ka. In mace ce ke, kishiya ce, sai ki ce kin zo ganin ko tsohuwa ta taɓa yin kyau a zamaninta. Nan take za ta tashi kare kanta, labari ya ɓalle.

Ka riƙe mata goro ko turare ko abin da ka san tana so. Ka zaɓi lokacin da jikinta ke da ƙarfi, yawanci da hantsi bayan ta karya, ko bayan la'asar. Ka gaya mata gaskiya cewa za ka ɗauki muryarta don 'yan baya, in ta yarda ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse, ka ajiye ta gefe kan tabarma, ka manta da ita. Zama ɗaya kada ya yi tsawo. In ta fara hamma ko ta jawo carbi, ka tashi, gobe ma rana ce.

Na biyu: gano shekarunta ta hanyar abubuwan da suka faru

Nan ne aikin ya fi daɗi. Yawancin kakanninmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, kuma shekarar da ke jikin fasfo ɗin Hajji ko katin zaɓe sau da yawa ƙiyasin wanda ya cika takardar ce kawai. In ka tambaye ta shekarunta za ta ce ɗari, ko ta ce Allah ne masani. Amma ka tambaye ta, "Lokacin da aka kashe Sardauna kina ina?" sai ka ji ta ce, "Ina goyon babanka, muna tsakar gida ana sussuka labari ya iso." To ka samu turke: Janairun 1966. In babanka ne ɗan fari, kuma ka san 'yan matan wancan zamani akasari ba sa wuce sha huɗu, sha biyar a gida, sai ka lissafa baya ka ga haihuwarta ta faɗo wajen 1948 zuwa 1950.

Ka tanadi irin waɗannan turaku kafin ka je. Zuwan Sarauniyar Ingila da hawan daba na Kaduna a 1956. Samun mulkin kai a 1960, a Nijeriya da Nijar duka. Naɗin Sarkin Kano Ado Bayero a 1963. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Canjin hannu na tuƙin mota a 1972, da canjin kuɗi a farkon 1973 lokacin da naira da kwabo suka kori fam da sule. Farin da ya kashe dabbobi a 1973 da 1974, juyin mulkin Seyni Kountché a Nijar a 1974, kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine a Kano a ƙarshen 1980. Kowane gari kuma yana da nasa: shekarar gobarar kasuwa, shekarar da aka naɗa hakimi wane, shekarar fara. Waɗannan sai ka nemi dattijon unguwa ya daidaita maka su.

Kada ka tsaya kan turke ɗaya. Tsufa yakan haɗa shekara biyu ya mai da su ɗaya. In ta ce da fam aka biya sadakin gwaggonka, amma kuma ta ce bayan rasuwar Murtala aka yi bikin, ɗaya daga ciki ya zame. Kada ka yi mata gardama, ka rubuta duka biyun, ka tambayi gwaggon daga baya.

Na uku: sunaye, da matsalar alkunya

Za ka so jera sunayen dangi, amma ka sani ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan farinta ba, ko da sun daɗe da rasuwa. "Malam" za ta ce, ko "mai gidan nan," ko "yaron nan." Matsa mata rashin ladabi ne. Ka bar gurbin, ƙanwarta ko wani kawu zai cike maka.

Ka kuma bambanta sunan yanka da sunan da ake kira. Tsohuwar da duk duniya ta sani da Ladi ko Jummai ko Asabe, ranar haihuwarta ce ta bi ta, sunan yankan yana iya zama Hauwa ko Rakiya. Wadda ake kira Iya ko Ummi tun tana jaririya kuwa, sunan wata kaka ta ci aka sakaya, kuma wannan sakayawar kan kai ka ga wani suna a sama wanda da ba ka san da shi ba. Ka tambayi wa ya riƙe wa, domin riƙo ya sa mutane da yawa suna kiran gwaggo ko kishiyar uwa da "Inna" har a ɗauka ita ta haife su. In tana da zane a fuska, tambaye ta na wane gida ne, wane wanzami ya yi, kuma a kan wa aka daina yi a zuriyar.

Na huɗu: sa hannunta ya yi magana

Al'adar gida ba ta fitowa da tambayar "yaya kuke yi a da?" Ka sa a sauko da kayan da ke bayan gado ko cikin adaka: tsohuwar tasa, kwalla, fanteka, ƙwaryar da aka ɗinke tsagarta, mazarin kaɗi, zanen saƙi. Miƙa mata ɗaya ka yi shiru. Za ta juya shi, ta gaya maka wa ya saya, a wace kasuwa, nawa, da wadda ta ara ba ta dawo da murfin ba.

Girki kuwa sai an yi a gabanta. Ba ta da awo, "ɗan kaɗan" da "har ya ji" ne ma'auninta. Sai a ɗora tukunya tana zaune tana ba da umarni, duk abin da ta ɗebo da hannu a tare shi a gwangwani ko cokali a auna kafin ya shiga. Haka za a yi da kunun kanwar mai jego, da yajin gidan, da yadda take haɗa turaren wuta. Waƙar niƙa da ta daɓe da ta gaɗa, jikoki mata su fara rerawa ba daidai ba da gangan. Ba za ta iya jurewa ba, sai ta gyara. Tatsuniya a bari sai dare, a tara yara a ce mata "ta zo mu ji ta," don da rana ba za ta yarda ba.

In ta je Makka, tambayi yadda ta je. Wasu iyayen kakanninmu ta ƙasa suka bi, ta Fort Lamy wadda ta koma N'Djamena a 1973, su ratsa Sudan su haye Bahar Maliya, kuma ba kowa ya dawo ba. Dangin da ake cewa "suna Sudan" daga nan suka samo asali.

Na biyar: abin da ba na yaɗawa ba

In hira ta yi nisa za ta faɗi abin da ba ka tambaya ba: auren da ya mutu, 'ya'yan da ƙyanda ta kwashe, rigimar gado, asalin wani reshe na dangi da ba a son tonawa. Wannan amana ce. Tambaye ta wanne ta yarda a ji yanzu, wanne sai bayan ranta, wanne kuma a goge. Hotonta ma kada ya hau Facebook sai da izininta.

Na shida: adanawa

Ranar da ka ɗauka, ranar za ka sa wa muryar suna da kwanan wata da abin da aka tattauna. Ka ajiye a wuri uku: katin memori, Google Drive, da wayar wani ɗan'uwa a wani gari. Zauren dangi na WhatsApp wurin rabawa ne, ba wurin ajiya ba, in waya ta lalace abin da ke cikinta na iya bin ruwa. Tsofaffin hotuna ka ɗauki gaba da baya, domin a bayan ne ake samun hatimin mai hoto da shekara, ka kuma rubuta sunan kowa da ke ciki tun tana iya nuna su da yatsa. Ka duba cikin gafakar Alƙur'anin kakanka, malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a wata takarda, da lissafin Hijira.

Sannan ka kwafe maganarta a littafi yadda ta faɗa, da karin harshenta. In Basakkwaciya ce ta ce "mi kac ce," kada ka mayar da shi "me ka ce." In kuma kaka ta riga ta rasu, duk matakan nan suna aiki a kan ƙanwarta, ƙawarta ta ƙuruciya, ko kishiyar da suka yi shekaru suna raba kwana, wadda sau da yawa ta fi 'ya'yan cikinta saninta.