Kurakuran da ake yi wajen auna gyaran tsofaffin filayen golf

Na daɗe ina buga ƙwallon lambu, wato golf, a nan Kaduna da wasu garuruwan Arewa, kuma na gaji da jin magana guda daga bakin duk wanda aka zaɓa sabo cikin kwamitin kula da fili, cewa shi zai maido da filin yadda yake a da. Idan aka tambaye shi wace shekara yake nufi, sai ya yi shiru, ko kuma ya kwatanta yadda ya tarar da filin ranar da ya shiga kulob. Daga nan ɓarna take farawa, domin aikin da ba a san sunansa ba, babu yadda za a yi a auna shi.

Ayyuka uku ne ake cakuɗawa. Maidowa ita ce a zaɓi shekara takamaimai, a kawo shaidarta, hoto ko taswira ko zanen wanda ya tsara filin, sannan a mayar da ƙasa kamar yadda take a wannan shekarar. Sabuntawa ita ce a canza ciyawa, ko yashi, ko magudanan ruwa da bututun ban ruwa, ba tare da an taɓa dabarar ramin ba, wato zangon wasa daga wurin bugun farko har zuwa inda ƙwallo ke faɗawa. Sake zane kuwa shi ne a canza abin da ramin yake nema daga ɗan wasa. Babu laifi a ko ɗaya daga cikin ukun, laifin yana wajen a yi wannan a kira shi da sunan wancan. Lokacin da Bill Coore da Ben Crenshaw suka yi aiki a fili mai lamba 2 na Pinehurst a Amurka, tsakanin 2010 da 2011, hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1943 suka riƙe, suka cire kimanin eka 35 na ciyawar da aka ƙara daga baya, suka bar yashi da ciyawar daji kamar zamanin Donald Ross, wanda ya tsara filin. Wannan maidowa ce, kuma kowa yana iya ɗaukar hoton ya gwada aikinsu da shi. Abin da Robert Trent Jones ya yi wa filin Oakland Hills na Amurka gabanin gasar US Open ta 1951, inda ya matse hanyoyin ƙwallo da tarkunan yashi, sake zane ne, kuma saboda haka ne Gil Hanse ya shafe 2019 zuwa 2021 yana warware shi.

Ni kaina na faɗa wannan kuskure, kuma har yau yana ci mini rai. A wani fili da ba zan ambata ba, ina cikin kwamiti, akwai wani tarkon yashi a tsakiyar hanyar wani gajeren rami, wanda membobi suka daɗe suna kuka da shi cewa yana cinye bugu mai kyau. Na tsaya kai da fata a cike shi, a dasa malina da itatuwan turare a gefen hagu domin ramin ya ƙara wuya, kuma a takardar da na kai wa babban taro na rubuta cewa maidowa muke yi. Ban nemi hoto ko ɗaya ba. Ranar da aka kawo tifa ta fara zuba jar ƙasa, wani dattijo da ya fara ɗaukar jakar 'yan wasa a filin tun yana yaro ya matso kusa da ni ya ce, "Yallaɓai, wannan ramin yashin shi ne ramin gaba ɗaya. Wanda ya tsallake shi ya samu ƙofa a buɗe, wanda ya kauce masa ya zo ta bayan tudu." Na ce masa, "Baba, zamani ya canza." Bai ƙara cewa komai ba, ya koma gindin mangwaro ya zauna.

Cikin 'yan shekaru itatuwan suka yi girma, saiwoyinsu suka shanye ruwan gefen hagu, inuwarsu ta kashe ciyawa, ganyensu ya riƙa ɓoye ƙwallo duk lokacin hunturu. Mafi muni, ramin da a da mutum yake tsayawa ya yi shawara da kansa, ya tsallake ko ya kauce, ya koma lungu wanda kowa, gwani da ɗan koyo, bugu iri ɗaya yake yi. Kuɗin da muka kashe wajen sare itatuwan da tone kututtukansu ya fi na dasa su nesa ba kusa ba, kuma tarkon da aka sake haƙawa bai taɓa zama daidai inda na farko yake ba, domin babu wanda ya auna wurin kafin a binne shi. Don haka nake jin haushi idan na ga sabon ɗan kwamiti yana nuna fili da sanda yana cewa nan ya yi tsirara, a sa masa bishiya. Ku je ku karanta abin da ya faru a Oakmont, filin da Henry Fownes ya tsara a Amurka a 1903 kusan babu itace, aka cika shi da itatuwa a shekarun 1960, sannan daga shekarun 1990 aka riƙa sare su dubbai, da farko ma cikin duhu don gudun rigimar membobi. Wanda yake son inuwa ya dasa a bakin gidan kulob da wurin ajiye motoci, inda ba za ta tare layin ƙwallo ba.

Kuskure na biyu da ya fi yaɗuwa a wajenmu shi ne auna gyara da launi. Mutum ya kalli filin Augusta na Amurka a talabijin cikin watan Afrilu, ya ga kore shar, sai ya ɗauka duk filin da ya yi ja da rani ya lalace. Ƙasarmu tana da damina da rani, kuma tsofaffin filayen Arewa an tsara su ne da sanin cewa rabin shekara ƙwallo gudu take yi a kan busasshiyar ƙasa, iskar hunturu kuma tana zuwa daga arewa maso gabas, akasin iskar damina. Gyaran da aka yaba a watan Agusta yana iya zama abin takaici a watan Fabrairu. Ni ba na faɗin ra'ayina a kan wani canji sai na buga ramin a lokutan biyu, da ƙafa, ba a mota ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda suke ganin duk abin da aka taɓa bayan mai zanen farko cin amana ne. Tsohon filin St Andrews a Sukotland ramuka 22 ne da shi kafin a mayar da su 18 a 1764. A Augusta, wurin jefa ƙwallo na rami na 10, wato shimfiɗar da ake gangara ƙwallo a kanta zuwa cikin ramin, Perry Maxwell ne ya matsar da shi a 1937, rami na 16 kuma Robert Trent Jones ne ya sake shi a 1947, alhali duka biyun ana yabonsu a yau. Pinehurst kanta a kan yashi ake gangara ƙwallo zuwa rami har 1935, kamar burawun ɗinmu na yashi da baƙin mai da ake shafewa kafin bugu. Filin da ya bar burawun ya koma ciyawa bai yi laifi ba, muddin an bar girman wurin da gangarensa da ƙofar shigarsa yadda suke.

Ƙarin tsawo ma ana yawan yanke masa hukunci da gaggawa. Ƙwallo da sanduna sun canza, har hukumomin wasan biyu, R&A da USGA, suka sanar a Disambar 2023 cewa za su rage nisan da ƙwallo ke tafiya. Da aka ja wurin bugun farko na rami na 17 a St Andrews baya a 2010, daga yadi 455 zuwa 495, a ganina an dawo wa gwanaye da dogon bugu na biyu da ramin ya saba nema ne. Itatuwan da aka dasa a gefen dama na rami na 11 na Augusta bayan zamanin da Tiger Woods ya ci gasar 1997 da ratar bugu 12 kuwa sun toshe zaɓi ne, kuma an cire da dama daga cikinsu a 2022.

Kada a auna gyara da makin da gwanaye suka ci a gasar kwana huɗu, domin membobi ne za su buga sauran shekarar. Kada a aske ciyawar wurin jefa ƙwallo fiye da abin da gangarensa zai ɗauka, sannan a dawo a ce gangaren ne ya yi yawa a baje shi.

Yanzu duk kwamitin da ya nemi shawarata, sharaɗina na farko shi ne a ɗauki hoton wurin ta kusurwa huɗu, a auna shi da tef daga wani abu da ba ya motsi, a rubuta a littafin kulob tare da kwanan wata da sunan aikin cikin ukun nan. Na biyu, a kira tsofaffin masu ɗaukar jaka da leburorin fili, a ba su kujera a taron, a ji ta bakinsu kafin tifa ta shigo.