Yadda Za Ka Gina Rumbun Bayananka Na Farko A Kwamfuta

Yawancinmu a Excel muke fara tara bayanai, kuma babu laifi. Matsalar kan kunno kai ne ranar da ka ga sunan mutum ɗaya ya fito sau goma sha biyu, kowanne da irin rubutunsa, an gyara lambar wayarsa a layi uku an bar tsohuwar a sauran. Sai ka zauna ka zuba wa allo ido, ba ka san wacce ce ta gaskiya ba. Wannan ciwon ne rumbun bayanai yake magancewa, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane bayani a rubuta shi wuri ɗaya tak, duk inda aka buƙace shi a nuna shi da lamba. Edgar Codd, wani masani a kamfanin IBM, shi ya shimfiɗa wannan tsari a 1970, kuma har yau a kansa yawancin rumbunan suke tafiya.

Za mu yi misali da mai littattafai da yawa wanda jama'a ke zuwa aro a wurinsa.

Mataki na farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ɗauki takarda da biro. Ina roƙonka kada ka tsallake wannan, domin rumbun da aka fara ba tsari sai an rushe shi daga baya, kuma rushewar ta fi ginin wahala. Tambayi kanka: abubuwa iri nawa nake son ajiyewa? A nan uku ne: littattafai, masu aro, da shi kansa aron. Kowanne teburinsa daban. Teburin littattafai ya ɗauki lamba, take, marubuci. Na masu aro ya ɗauki lamba, suna, waya. Na uku shi ne zuciyar aikin: lambar littafi, lambar mai aro, ranar ɗauka, ranar dawowa. Ka lura babu sunan kowa a tebur na uku, lambobi ne kawai. Idan mai aro na 7 ya canja waya, wuri ɗaya za ka gyara, ko da ya yi aro sau ɗari.

Me ya sa lamba, ba suna ba? Saboda mutum biyu kan yi suna ɗaya, amma lamba ba ta maimaituwa. Ita ce makullin tebur.

Mataki na biyu, sauke manhaja. Ga mai farawa na fi son DB Browser for SQLite: kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma dukan rumbun fayil ɗaya ne. Injin da ke ƙarƙashinta, SQLite, Richard Hipp ne ya fito da shi a 2000, kuma yana cikin wayoyin Android da iPhone. Wanda yake da Microsoft Access ko LibreOffice Base zai iya bin tsarin takardar nan a can.

Mataki na uku, buɗe manhajar ka danna New Database, ka raɗa wa fayil suna. Taga za ta fito ta neme ka da sunan tebur da ginshiƙansa, wato abubuwan da ka jera wa kowane tebur a takarda. Sunayen su zama gajeru, babu tazara: tebura kamar masu_aro da aro, ginshiƙai kamar mai_aro (lambar mai aro), ranar_dauka da ranar_dawowa. Ginshiƙin lamba na teburin littattafai da na masu aro ka ba shi nau'in INTEGER (adadi), ka sa alama a akwatin PK da na AI, wato ya zama makulli kuma manhajar ta riƙa ƙirga shi da kanta. Suna da take su zama TEXT, wato rubutu.

A nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Lambar waya TEXT za ka ba ta, ba INTEGER ba. Idan ka ce adadi ce, sifilin farko zai ɓace, kamar yadda Excel yake yi mata. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ban da lambobin da ke haɗa tebura, abin da ba za a taɓa tarawa ko ɗebewa da shi ba, rubutu ne ko da lambobi zalla ne. Kwanan wata ma TEXT ne, amma ka fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-09. Da haka ne kawai zai jeru daidai idan ka ce a jera.

Mataki na huɗu, zuba bayanai. Shiga Browse Data ka zaɓi tebur ka ƙara layi. Idan kana da su a Excel, adana su a nau'in fayil mai suna CSV UTF-8, sannan ka shigo da su ta File, sai Import. Kada ka manta da UTF-8 ɗin nan, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su rikiɗe su koma alamar tambaya. Ni kaina na taɓa shigo da jerin sunaye mai tsawo ba tare da shi ba, sai da na goge na sake daga fari.

Sannan ka riƙe wannan da kyau: duk abin da ka yi bai zauna ba sai ka danna Write Changes. Kafin ka danna, Revert Changes zai mayar da kai inda ka tsaya. Bayan ka danna, bakin alƙalami ya bushe.

Mataki na biyar shi ne inda daɗin yake: yi wa rumbun tambaya. Harshen tambayar SQL ne. Shiga Execute SQL ka rubuta:

SELECT * FROM aro WHERE ranar_dawowa IS NULL;

Danna F5. Ga duk aron da ba a dawo da shi ba. NULL na nufin ba a taɓa rubuta komai a gurbin ba, don haka ka bar shi yadda yake har littafi ya dawo. Amma lambobi kawai kake gani, ko? To haɗa teburan:

SELECT suna, waya FROM aro JOIN masu_aro ON aro.mai_aro = masu_aro.lamba WHERE ranar_dawowa IS NULL;

Yanzu sunaye da wayoyin waɗanda za ka kira ne a gabanka. Ranar da ka kai ga umarnin DELETE (gogewa) ko UPDATE (gyarawa), ka yi hattara: idan babu WHERE, wato sharaɗi, dukan tebur zai shafa. Fara gwada sharaɗin da SELECT, ka ga layukan da idonka, sannan ka goge.

Saura kwafin ajiya. Rufe manhajar tukuna, ka kwafi fayil ɗin zuwa filasha ko ma'ajiyar intanet, ka sa kwanan wata a sunansa. Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin ka tabbatar teburan uku suna ciki da bayanansu.