Babi na 6: Neman Asalin Iyali a Cikin Littafi Mai Tsarki na Gado

Darasi na 1: Inda rubutun yake

A gidajen Kirista da yawa, daga Wusasa har Jos da Garkida, kakanni kan rubuta haihuwa, baftisma, aure da rasuwa a fararen shafukan Littafi Mai Tsarki. Ku wanke hannu, ku bari ya bushe sarai. Ku shimfiɗa zane, ku ɗora littafin a kai. Wuri uku za ku duba: cikin bangon gaba, cikin bangon baya, da tsakanin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Kada ku jiƙa yatsa da miyau don juya shafi, tsohuwar tawada na narkewa.

Darasi na 2: Kwafa

Ku sami fensir da sabon littafin rubutu. A cikinsa za ku yi aiki, ba a cikin na gado ba.

Ku kwafi kowane layi yadda yake. Yadda yake, ba yadda kuke ganin ya kamata ya zama ba. In kaka ya rubuta "Bitirus", ku rubuta "Bitirus", ko da ku kun saba da "Bitrus". In ya rubuta 4/7/52, ku sa 4/7/52. Wato rana 4, wata na 7, Yuli ke nan, shekara 52. Rana ce farko, sannan wata. Fassararku, 1952, ku sa ta a gefe, layin kaka kuma ku bar shi yadda yake.

Harafin da ya goge fa? Ku ja ɗan layi a gurbinsa. Kada ku cika da ka. Ba laifi ba ne a kasa karanta hannun wani, har malamai na kasawa. A hankali za ku saba da shi.

Wasu sun yi amfani da haruffan Turanci: b na nufin haihuwa, m aure, d rasuwa. Su ma a kwafe su yadda suke.

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Mutum ya ga 1 da 7 sun yi kama, sai ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi, ya ƙara wa kakarsa shekara shida a banza. Wannan ganganci ne! An ce ku kwafa, ba a ce ku gyara ba. Idan kun gama, ku ba wani ya karanta na gado da ƙarfi, ku kuna bin naku da yatsa.

Darasi na 3: Shekarar bugu

Ku nemi shekarar da aka buga littafin, tana shafin farko ko bayansa. A 1932 aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Saboda haka in naku na Hausa ne, kuka ga haihuwar 1915 a ciki, daga baya aka rubuta ta, da ka, tana iya yin kuskure. Haka ma in sunaye goma duk tawada ɗaya ce, hannu ɗaya: zama ɗaya aka yi aka rubuta su.

Ku lura da takwara. Jika kan ci sunan kaka, kada ku haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Sunan rana ma shaida ne, Ladi Lahadi, Asabe Asabar.

Darasi na 4: Tabbatarwa

Ku kai kwafinku wurin dattawan gida. Ku tambayi sunan gida na kowa, don sau da yawa na baftisma kaɗai aka rubuta. Wanda bai san shekara ba, ku tambaye shi: kafin 'yancin kai na 1960 ne, ko bayan zuwan naira a 1973? Daga nan ku roƙi fasto ko sakataren ikilisiya ya duba muku rajistar baftisma da ta aure. Abin da suka faɗa, a wani shafi dabam.

Darasi na 5: Ajiya

Ku ɗauki hoton shafukan da waya, da rana. Kada a liƙa salatif. A naɗe littafin da zane, a sa a akwatin ƙarfe nesa da gara da laima.