Darasi na Bakwai: Kalmomin Jarrabawar Shiga Soja

Duk wanda ya tashi a Bauchi, ko da bai taɓa leƙa barikin Shadawanka ba, ya san Turancin soja fiye da yadda yake tsammani. Daga recruit muka samo kurtu, daga parade fareti, daga corporal kofur, daga sergeant saje. Don haka kada gabanku ya faɗi don an ce da Turanci ake jarrabawar.

Abin da ke ba ni takaici shi ne saurayi mai ƙarfi, wanda gudu ba ya gagararsa kuma zai iya jure horon kurata a Zariya, ya faɗi saboda bai karanta umarnin tambaya da kyau ba. Umarni biyu ne suka fi yawa. In kun ga nearest in meaning, ana son kalmar da ta fi kusa a ma'ana da wadda aka ba ku. In kun ga opposite in meaning, kishiyarta ake nema.

Ga misali: The soldiers were told to retreat. Retreat na nufin ja da baya. A ƙarƙashi an jera advance, withdraw, sleep, cook. Idan makusanciya aka ce, amsar withdraw ce, wato janyewa. Idan kishiya aka ce, advance ce, wato dannawa gaba. Kun ga amsoshin biyu suna zaune a layi ɗaya, kuma da gangan mai tsara tambayar ya ajiye su haka. Mai garaje zai ga wadda ya sani ya caka, ya wuce. Ku ɗora yatsa a kan umarnin, ku karanta sau biyu kafin ku zaɓa.

Ku lura kuma da farkon kalma. Dis da un sukan juya ma'ana: obey bin umarni ne, disobey ƙin bi, armed mai ɗauke da makami, unarmed marar makami. Haka not, wato ba, da except, wato ban da, ƙanana ne amma suna kifar da tambaya gaba ɗaya.

Aikin gida: ku sami littafin rubutu, ku raba shafi gida uku: kalma, makusanciyarta, kishiyarta. Ku fara da brave, loyal, defend, arrive da punctual. Wadda ta gagara, ku duba ƙamus ko ku tambayi malam ranar darasi na gaba.