Yadda ake haɗa rufaffen akwatin wufa na mota

Wufa ita ce sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Tunda ana yawan tambayar yadda ake haɗa akwatinta, ga matakan:

1. Auna but ɗin motarka.
2. Duba takardar wufar. Mai inci 12 yawanci tana son cikin akwati na lita 28 zuwa 35.
3. Sa kafinta ya yanka katakon MDF (wanda ake yi da matsattsen garin katako) mai kaurin milimita 18.
4. Yanke zagayen ramin sifika.
5. Huda gurbin kowane sukuru. Hattara, nan ake ɓarna: MDF na tsagewa idan ka ɗaura kai tsaye.
6. Haɗa katakon da gam.
7. Ɗaure da sukuru.
8. Bi kusurwoyin ciki da silikon, har ramin da wayar sifika za ta bi. Kafa ɗaya ta isa ta sa sautin ya riƙa huci.
9. Bar shi ya kwana ya bushe.
10. Jona wayar sifika, + da +, − da −.
11. Ɗaura sifikar.