Kafin ku sa kare a mota

Jama'a, kada ku ba kare abinci da safen tafiya. Ku ciyar da shi da daddare, da safe ruwa kawai.

Ciki cike, ga gargada, yana iya yin amai. Mun gani a hanyarmu daga Zuru zuwa Gurara kallon ruwa. Kafin mu kai Kontagora karenmu ya ɓata shimfiɗar bayan mota, yara na toshe hanci, maigida na neman ruwan wanki a bakin titi.

A dawowa ba mu ba shi komai ba, har gida lafiya lau.

Amma ɗan kwikwiyo ba ya jure yunwa, a ba shi kaɗan. Wanda kuma tsoron mota ke sa shi amai, sai an fara zagayawa da shi cikin gari ya saba.